A Waje Ba Mu San Juna Ba

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Wanda ya shigo yanzu bai san ni ba, to ga ni: ɗinkin labule nake yi a wani shago da ke bayan tashar mota, ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma ina son wani mutum mai haɗa wutar sola. Dogo nake ce masa, don in ya tsaya a bakin ƙofa sai ya sunkuya. Ranar da ya zo sa mana sola a shago ya buga kansa da fanka, na yi dariya har allura ta soke ni, ya ce ba zai yafe ba sai na ba shi lambar wayata. Daga nan aka fara, har magana ta kai ga aure.

Abin da Dogo bai sani ba shi ne inda Ummata take. Ya san ba ta gida. Na ce masa tana asibiti saboda bayanta, kuma ba zunzurutun ƙarya ba ce, don daga bayan abin ya faro. An yi mata aiki, aka rubuta mata ƙwayar kashe zafi. Ciwo ya tafi, ƙwaya ta zauna. Mun tsince ta a gwangwanin sukari, mun tsince ta a cikin safar Abba, mun tsince ta a ɗinke a bakin matashin kai. Matar da ta koya min zira zare a allura ta koma ba ta iya riƙe kofin shayi. Sai ranar da barci ya ɗauke ta a tsaye a kicin, wuta ta kama gefen mayafinta, sannan Abba ya yarda aka kai ta cibiyar da ake jinyar masu shaye-shaye. A hanyar dawowa ya tsayar da mota ya juyo.

"Mamana," haka yake kirana, "ciwon baya ne. Ko wa ya tambaye ki, ciwon baya. Har shi yaron nan mai tsawo."

Na ce to. Wannan "to" ɗin shi ya kai ni inda nake yau.

A cibiyar, duk Asabar da hantsi akwai zaman iyalai. Ba na masu jinyar ba, namu ne mu da muka kawo su. Ɗaki ne mai kujerun roba a zagaye, da fanka mai kuka kamar ana matse ta, da flas ɗin shayi da biskit ɗin da ya sha iska. Labulen tagar ya gajarce da kusan taɓa hannu, kullum idona na kansa, hannuna na ƙaiƙayi. In an tashi sai a kaɗa ƙararrawa, a buɗe ƙofar ɓangaren masu jinya, su fito tsakar gida ƙarƙashin itatuwa kowa ya ga nasa.

Ba a faɗin suna a ɗakin. Da wanda ka kawo ake kiranka. Ni 'Yar Umma ce. Akwai Matar Kafinta, akwai wani tsoho mai barkwanci, Baban Direba. Mai jagorantar zaman, Malama, 'yar ƙaramar mace ce mai rataye tabarau a wuya, kuma ba ta taɓa buɗe zama ba sai ta maimaita dokarta.

"Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake kwana. In kun haɗu a kasuwa, ko gidan biki, ko asibiti, ba ku san juna ba. Ko gaisuwar sani ban yarda ba."

"Malama," in ji Baban Direba, "ko na ga Matar Kafinta ta faɗa kwata?"

"Ka ciro ta, ka ce sannu baiwar Allah, ka kama gabanka."

A ɗakin nan na san Maman Auta. Babbar mace, fara, kullum cikin leshi mai nauyi, awarwaron zinare na ƙara a hannunta, turarenta na riga ta shigowa. Ranar farko ta goge kujerar roba da hankici kafin ta zauna, na ce a raina wannan ba za ta dawo ba. Ta dawo. Autarta ce a ciki, maganin tari ya kama ta tun tana sakandare. Ta ce babansu ya rasu, yayan yarinyar ne ya raine ta kamar 'yar cikinsa, kuma bai sani ba, ya ɗauka tana makaranta a wani gari. Duk mako ana ba Autar waya a ofishin Malama ta kira shi ta ce karatu lafiya.

"Ta rantse min," in ji Maman Auta, "duk ranar da yayanta ya sani, ba za ta ƙara zama a yi mata magani ba. Ta ce duniya za ta shiga, ba za ta iya haɗa ido da shi ba."

Na san Autar da ido. Siririya, mai manyan idanu, ba ta rabuwa da Ummata. Umma ce ke yi mata kitso a ciki, ita ke lallaɓa ta ta ci abinci. Har kishi nakan ji in sun fito tare.

Wata Asabar abin ya cika min ciki. Malama ta ce, "'Yar Umma, yau kin yi shiru da yawa." Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce lokacin da abin ya yi tsanani, in na dawo daga shago na tura ƙofar ɗakin Umma na gan ta a kwance ba motsi, akwai ranakun da na ji a raina gara a ce ta tafi. Gara ta mutu mu yi kuka sau ɗaya mu huta, da wannan mutuwar ta kullum. Na faɗa na kifa kai a cinya, ina jiran a tsine min.

Ba wanda ya tsine. Malama ta ce kusan duk wanda ke ɗakin ya taɓa jin haka, gajiya ce, ba ƙiyayya ba. Baban Direba ya ce shi har wurin da zai zauna a karɓi gaisuwa ya taɓa zaɓa. Maman Auta kuwa tasowa ta yi, ta rungume ni, leshinta na kartar fuskata. Ta share min hawaye da hankicinta ta danƙa min shi a hannu.

"Riƙe, 'yata. Wallahi ina ma ni na haife ki."

Ku riƙe wannan maganar, za ku buƙace ta.

Ana nan Dogo ya turo saƙo ina tsakiyar yanka yadi.

"Mama ta ce in kawo ki ranar Lahadi ta gan ki. Kar ki tsorata, ba ta cizo sai an taɓa ɗanta."

"To ai na taɓa."

"Shi ya sa na ce ki sa takalmin gudu."

Ranar Lahadi na ɓata lokaci gaban madubi. Doguwar riga ruwan toka wadda na ɗinka da hannuna, da ɗan aiki a wuya da bakin hannu, farin mayafi, takalmi maras tsini don kar a ce ina son in kamo shi. Gwaggo na zaune a kan gadona tana kallo. Yayar Abba ce, tun da aka kai Umma ta tare a gidanmu da sunan riƙe gida. Ta sauya wa tukwanen Umma wuri, kuma silifas ɗin Umma ne a ƙafarta.

"Ke 'yar nan, rage jan bakin nan. In an tambaye ki uwarki fa?"

"Ciwon baya, Gwaggo."

"Madalla. Kar ki je ki buɗe baki kamar yadda kike buɗewa a wancan ɗakin naku na masu tallar asiri."

A mota Dogo sai surutu yake, ya sa farar riga ya fesa turare har ina tari. Gidansu mai bene ne, da furanni a bakin ƙofa. Falon kuwa, ni da na san labule, labulen na fara gani: mai nauyi, ruwan zuma, ninki biyu, an yi masa ɗinki mai kyau amma an rataye shi a karkace. A kan talabijin akwai hoto a cikin gilashi. Ya ɗauko ya miƙo min yana washe baki.

"Ga 'yar likitarmu. Ƙanwata da nake ba ki labari. Karatun jinya take, ba ta da lokacin kowa sai waya sau ɗaya a mako."

Na karɓa. Kumatu cike, ido manya. Ku ce min wawiya in kun so, sau nawa ya ce min "ƙanwata tana makaranta" ban taɓa haɗa biyu da biyu ba. Gida nawa ne ke da auta a makaranta? Amma idon nan na san shi. Jiya-jiya na gan shi a ƙarƙashin itace, kan mai shi a cinyar Ummata.

Kafin in ajiye hoton, turaren ya sauko daga bene. Sannan ƙarar awarwaro.

Maman Auta ce. Ta tsaya a matakala ta ƙarshe. Na ga hannunta ya damƙi ƙarfen benen. Ni kuwa na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Mama."

"Lafiya lau. Sannu, baiwar Allah."

Wallahi a lokacin daɗi na ji. Na ce a raina dokar Malama take bi, nima bari in bi. Har wani sanyi ya ratsa ni: ashe matar da ta ce ina ma ita ta haife ni, ita ce za ta zama uwar mijina. Ba sai na ɓoye mata komai ba. Ta san ciwona, na san nata.

Aka kawo lemo da biskit a faranti mai bakin zinare. Ta tambayi sana'ata, ta tambayi aikin Abba, kamar yau ta fara ganina. Sannan ta kurɓi lemo.

"Mahaifiyarki fa? Tana gida?"

Na ɗago na dube ta. Ba komai a fuskarta, kamar bango.

"Tana asibiti, Mama," Dogo ya riga ni. "Ciwon baya, ai na gaya miki."

"Bari ta faɗa da bakinta."

Na ce, "Ciwon baya ne, Mama."

"Allah ya sawwaƙe," ta ce, ta yi ɗan murmushi. Sai daga baya na gane abin da ta yi. So take in yi ƙaryar da bakina, a gabansa, ta samu abin riƙewa.

Ta aike shi ya duba injin ruwa a bayan gida, ta ce in zo in taya ta a kicin. Tana rufe ƙofa fuskarta ta sauya.

"Tun yaushe kika san ɗana ne?"

"Wallahi Mama, sai yanzu da na ga hoto."

"To ki saurara. Ba za ki shigo gidan nan ba."

"Mama, ni ba zan taɓa faɗa masa..."

"Yau ba za ki faɗa ba. Ranar da kuka yi faɗa fa? Ranar da na ce miki gishiri ya yi yawa fa? In zauna a gidana ina kallon bakin surukata, ina lallaɓa ta kamar ƙwai?" Ta matso har ina jin numfashinta. "Kuma ko babu wannan, kin san abin da nake fama da shi. Guda ɗaya ya ishe ni. Ba zan ɗauko jinin uwarki in zuba a kan nawa ba. Tawa yarinya ce, ƙawaye suka ja ta. Taki fa? Uwa da furfura."

"Ita ke yi wa Auta kitso," na ce. Ban san me ya sa wannan ce ta fito ba.

"Ban sa ta ba."

Ta buɗe firij ta ɗauko ruwa ta sha. Sannan ta ce, a hankali, kamar mai ba ni shawara, "Ki janye da kanki, cikin mutunci. In kin ƙi, ni na san yadda zan yi. Ke kuma ba ki da abin yi, don kin ji da kunnenki abin da yarinyar nan ta rantse. In kika buɗe baki ta gudu, alhakinta a wuyanki."

Na fito ina murmushi, 'yan uwa. Har godiya na yi. A mota Dogo ya ce, "Kin gani? Har kicin ta kai ki. Mama ba ta kai kowa kicinta."

Ban janye ba. Na ce bari in samu Abba ya sake ni daga alkawarin, in gaya wa Dogo gaskiyar Umma da bakina. Ban san Maman Auta ta fi ni sauri ba. Washegari ina kan keken ɗinki saƙo ya shigo.

"Wane asibiti Umma take?"

Kafin in rubuta komai wani ya biyo.

"Kar ki wahalar da kanki. Gidan 'yan ƙwaya. Wata ƙawar Mama tana aiki a can."

"Dogo, ka bari mu haɗu in yi maka bayani."

"A gabana kika dubi uwata kika ce ciwon baya. Ko ƙiftawa ba ki yi ba."

"Abba ne ya hana ni."

"Na ji. Wannan zan iya haɗiyewa. Abu ɗaya zan tambaye ki. Da gaske kin tsaya a gaban mutane kin ce gara uwarki ta mutu ki huta?"

Ƙafata ta sauka daga kan keke. Na karanta, na sake karantawa. Maganar da na amayar a ɗakin da aka ce a nan take kwana, ga ta a wayata, an wanke ta an goge an cire mata gajiyar da kukan, an bar ƙashin.

Na rubuta, "Ba haka ba ne." Na goge. Don haka ne. Na rubuta, "Ka tambayi Mama a ina ta ji." Na daɗe ina kallonsa. Na tuna Auta a ƙarƙashin itace tana cin biskit ɗin da Umma ta ɓoye mata. Na goge.

"Na faɗa," na tura.

"Wadda za ta yi wa uwar da ta haife ta wannan fatan, me za ta yi wa tawa in ta tsufa?"

Daga nan hotonsa ya ɓace daga wayata, ya toshe ni.

Na ɗauka na iya ɓoye kuka, ashe Gwaggo ta fi ni iya bincike. Na sa waya caji na shiga wanka, na fito na same ta a falo da tabarau a hanci tana karanta wa Abba saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, har da kwaikwayon murya.

"Ka ji 'yarka. Gara ta mutu. An kai ki ki koyo haƙuri, kin je kin yi mana tsirara a kasuwa."

Abba bai ɗago ba. "Na ce ciwon baya, Mamana. Kalma biyu kawai na roƙe ki."

"Abba, ba a waje na faɗa ba. A zaman ne, kuma doka ce ba a fitar..."

"Doka!" Gwaggo ta tafa hannu. "Ga doka nan ta fito tana yawo da ƙafarta." Sai ta cire tabarau. Gwaggo muguwa ce amma ba wawiya ba ce. "Tsaya. Ƙawa mai aiki a can, in ji wa? Ma'aikata na zama a ɗakin?"

"Malama kaɗai."

"To wanda ya ji, a kan kujera ya ji. Ke, dube ni. Uwar yaron nan tana zuwa ɗakin nan?"

Na kau da kai.

"Tana zuwa! Wa ta ajiye a can? Miji? Ɗa? 'Ya?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Kin sani, munafuka. An kwance miki zane a tsakiyar titi, ke kina riƙe wa mai kwancewar nata kar ya faɗi. Ki buɗe baki ki karɓi mijinki! Kalma ɗaya za ki tura masa, gobe da rarrafe zai zo."

"Akwai wadda za ta lalace in na faɗa."

"Ke ba ki lalace ba? To bari ki ji. In ba ki faɗa ba, ni zan je ranar Asabar in gaya wa uwarki irin addu'ar da 'yarta ke yi mata."

Abba ya ce, "Yaya, bar wannan." A hankali ya faɗa, irin faɗar da ba ta hana komai. Na karɓi wayata na shige ɗaki. Ban lura ta kwafi lambar Dogo ba.

Ranar Asabar na sa baƙar doguwar riga, ban shafa komai ba. Na wanke hankicin nan na goge shi na ninke a jaka. Gwaggo ba ta biyo ni ba, har da ce min a gaida mai jiki, abin da ya kamata ya ba ni tsoro.

Na ɗauka Maman Auta ba za ta zo ba. Ta zo, cikin leshi ruwan hoda, ta zauna a kujerar da ke kallon tawa. Malama ta karanta dokarta, ita ma ta gyaɗa kai tare da kowa. Da aka zo kanta har da hawaye.

"Wannan makon na sha wahala. Amma Auta ta fara cin abinci, ta ce tana son ta koma karatu da gaske. Malama ta ce yanzu ne lokaci mafi hatsari, ƙaramin abu zai iya mayar da ita baya." Ta dube ni cikin ido. "Ina roƙon duk mai tsoron Allah ya taya ni rufa mata asiri."

"Amin, amin," in ji Baban Direba. "Ai nan gidan rufin asiri ne, Hajiya."

Na tashi na je na ajiye mata hankicinta a cinya, na koma na zauna. Malama ta bi ni da kallo ta saman tabarau.

Sai wayata ta yi motsi a jaka. Hoton Dogo ya dawo, ga saƙo.

"Gwaggonki ta kira ni. Ta ce in zo nan da hantsi in ga abin mamaki. Ina tsakar gida. Me motar Mama take yi a nan?"

Na dubi agogon bango, saura kaɗan a kaɗa ƙararrawa. Na miƙe na kai wa Maman Auta wayar har gabanta.

"Baiwar Allah, ina jin wannan naki ne."

Ta karanta. Ta fita da sauri har jakarta na zubar da kaya, na bi bayanta.

Yana tsaye kusa da ɗakin mai gadi, da kayan aiki a jikinsa, waya a hannu. Mai gadi ya bar shi ya shigo don ya ce shi ɗan mai motar ne. Kafin ta ƙarasa gabansa ta gyara mayafi, ta gyara fuska. Ban taɓa ganin mai saurin ɗinki irin nata ba.

"Mama, me kike yi a nan?"

"Saboda kai na zo. Na ce ba zan raba ka da yarinya a kan maganar ƙawa ba, sai na gani da idona. Na shiga na zauna, na ji. Abin ya fi yadda aka faɗa min."

Ya juyo gare ni. Idonsa ya yi ja, ya rame a 'yan kwanakin nan, kuma na rantse muku akwai roƙo a ciki. So yake in ba shi wani abu, ko mene ne, da zai riƙe.

"Gwaggonki ta ce kin san wani abu. Ta ce in tambaye ki wa Mama take zuwa gani. Ki faɗa min. Gaskiya ne bincike ya kawo ta?"

Kalma ɗaya, in ji Gwaggo. Tana kan harshena, har ɗanɗanonta nake ji. Maman Auta ta tsaya a bayansa, ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji inda ba zai gani ba, leɓenta na motsi ba sauti. Matar da ta yanka ni tana roƙona in riƙe mata wuƙar.

"Ban san abin da ya kawo ta ba," na ce. "Ni uwata na zo gani."

Ya yi wata 'yar dariya maras daɗi. "Wadda kike jira ta mutu."

"Ita."

"Ashe har da ƙazafi kuka iya a gidanku. Ki gaya wa gwaggonki ta goge lambata. Ke ma haka." Ya kama hannun uwarsa. "Mu tafi, Mama. Ki yafe min da na sa kika taka irin wannan wurin."

Ta sauke numfashi. Ta ja shi da sauri wajen ƙofa, har tana tuntuɓe, tana ce wa mai gadi ya buɗe, ya buɗe mana. Mai gadi tsoho ne, ya shiga laluben makulli a aljihu.

Aka kaɗa ƙararrawa.

Ƙofar ɓangaren mata ta buɗe. Umma ce ta fara fitowa, cikin rigar da na ɗinka mata, ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta washe. Ta hango ni ta ɗaga hannu tana dariya. Ɗaya hannun nata yana riƙe da siririyar yarinya mai sabon kitso.

Ban yi tunani ba. Na ruga na tsaya a gabansu, na buɗe mayafina da hannu biyu kamar mai shanya, ina ce wa Umma ku koma, ku koma ciki. Duk tsawon rayuwata ina ɗinka abin da ke tare ido, ranar nan na zama shi da kaina.

Amma ba a banza nake ce masa Dogo ba. Ta saman kaina ya gani.

Na ji hannun yarinyar ya saki na Umma. Na ji ƙarar makullin mai gadi ya faɗi ƙasa. Sannan muryarsa, ƙarama, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Auta?"